Cefane a Alƙahira: kasuwar unguwa ko babban kanti?

Ƙanena na Tudun Wada zai tafi karatu Azhar, jiya bayan isha'i yazo yake cemin Yaya wai in naje a ina zan riƙa cefane, shine nace bari in rubuta har sauran yaran Zariya masu shirin tafiya su amfana, tunda na zauna can.

Ni dai kasuwar unguwa na fi so, ta masu baro da masu shimfiɗa a bakin titi. Tumatir, albasa, dankalin turawa, duk sun fi na kanti araha kuma sabbi ne. Amma ka sani can babu mudu babu tiya babu kashi irin na Sabon Gari, komai a kilo ake aunawa, kuma farashin a rubuce yake jikin kwali da lambobin Larabci, biyar ɗinsu kamar sifili take sifilinsu kuma ɗan ɗigo ne, in baka koya ba tun daga gida za ka sha wahala satin farko. Kayan miya ba a cika tayawa ba, abin da aka rubuta shi za ka biya. Kuɓewa sunanta bamiya, lalo shine mulukiyya, zoɓo kuma karkade.

Babban kanti irin Carrefour yana da amfaninsa, sabulu, man gyaɗa, shinkafa, madara, ka ɗauka ka biya a baka rasit ba sai kayi magana da kowa ba, wanda Larabcinsa bai nuna ba ya fara da nan. Sai dai kuɗin ɗalibi baya jure masa kullum.

Kasuwar Khanul Khalili kuwa, duk da tana nan daf da masallacin Azhar, ta 'yan yawon buɗe ido ce, ka bari sai za ka dawo ka sai tsaraba, nan kam dole ka taya sosai. Takalmi, jaka, kayan ɗaki, kasuwar Ataba za ka. Rigar sanyi kuma kasuwar Wikalatul Balah da ke unguwar Bulaƙ, gwanjo ne mai kyau, kada ka raina sanyin Disamba da Janairu don Allah, yafi hunturun Samaru ratsa ƙashi.

In kewar tuwo ta taso sai shagunan Sudanawa a unguwar Hayyul Ashir, akwai gero da dawa da busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Kuka da daddawa da yaji kam na ce masa ya je Sabon Gari ko kasuwar cikin birni ya sayo tun yanzu, Umma ta daka ta shanya su bushe sosai, a ƙulle a leda biyu-biyu saboda warin daddawa kar ya kama masa kaya a jaka.