Ofishin shawarar karatun likita a Garwa: sun iya takarda, amma sun yi wa digirin DO ƙage

A Garwa akwai wani ofishi da iyaye ke kai 'ya'yansu bayan bakaloriya, musamman waɗanda konkur ɗin shiga makarantar likita ya kayar, suna neman hanyar fita waje. Aikinsu kashi biyu ne, haɗa dosiye da ba da shawara. Na farkon ba laifi. Suna fassara takardun sakamako daga Faransanci zuwa Turanci, suna bin sawun hatimi, suna tsara ranar jarrabawar Turanci ta TOEFL. Kuma tun zaman farko sukan gaya wa uba gaskiya: a Amurka ba a shiga karatun likita kai tsaye daga lise a yi shekara bakwai kamar a nan Kamaru. Sai an yi digirin farko na shekara huɗu, an zauna jarrabawar shiga makarantar likita ta MCAT, sannan a nemi gurbin wasu shekara huɗu, wanda kuɗinsa a makarantu masu zaman kansu yakan haura dala dubu 50 a shekara, kusan sefa miliyan 30. Ɗan ƙasar waje ba ya samun rancen gwamnatin Amurka, makarantu da yawa ma ba sa karɓarsa. Wannan bayani kaɗai ya cancanci kuɗin zaman.

Inda suka karkace shi ne zaɓi tsakanin MD da DO, digirin likita iri biyu da ake bayarwa a Amurka. Takardar da suke miƙa wa iyaye layi biyu ce: gaban MD an rubuta "likita", gaban DO an rubuta "tausa da gyaran ƙashi". Da wani Alhaji ya karanta sai ya ce bai tara dukiya don ɗansa ya dawo maɗori ba, magana ta mutu a nan.

Daga Faransa kuskuren ya taso. A can akwai masu sana'ar ostiyopati, wato gyaran gaɓoɓi da hannu, da doka ta amince da su tun 2002, su ma suna sa D.O. bayan sunansu, amma ba likitoci ba ne: ba sa rubuta magani, ba sa tiyata. Duk wanda ya yi boko da Faransanci wannan ya sani, da shi yake auna na Amurka. DO na Amurka kuwa cikakken likita ne mai lasisi a jihohi hamsin. Andrew Taylor Still ya buɗe makarantar farko a Kirksville ta jihar Missouri a 1892, kuma gaskiya ne da hannu kawai aka fara. Yau darussan ɗaya ne da na MD, daga feɗe gawa har zagayen asibiti, sai ƙarin kimanin awa 200 na koyon sarrafa gaɓoɓi da tsoka da hannu. Wannan ƙarin yana da amfani a ciwon baya, wasu sassansa kuma, kamar murza ƙoƙon kai, hujjarsu ba ta da ƙarfi, kuma yawancin masu DO ba su cika amfani da shi ba bayan sun fara aiki. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likita a Amurka yanzu a makarantun DO suke. Sean Conley da Kevin O'Connor, waɗanda suka duba lafiyar Trump da Biden a fadar shugaban ƙasa, dukansu DO ne. Tun 2020 kuma hukuma ɗaya ce, ACGME, ke tantance horon ƙwarewa na ɓangarorin biyu.

Abin takaici, raini na gaske da ya kamata su gargaɗi ɗalibi a kai ba su ambata shi ba. A fannonin da ake kokawa a kansu, tiyatar ƙwaƙwalwa, fata, tiyatar gyaran jiki, har gobe mai MD ya fi samun shiga. Mai DO dole ya ci jarrabawar lasisi ta COMLEX, kuma da yawa suna ƙara USMLE, ta masu MD, a kai don shugabannin horo su iya gwada su da sauran, wato kuɗi biyu, wahala biyu. Wanda burinsa likitan iyali, na yara ko na cututtukan ciki, wannan bai dame shi sosai ba, kuma su ne muka fi buƙata daga Ngaundere har Kuseri.

Maimakon DO, ofishin yakan tura yara makarantun MD na tsibiran Karibiyan, wai harufan sun fi daɗin ji. Wannan shawara ce mai haɗari. Wanda ya gama a can, Amurka tana ɗaukarsa a matsayin mai digirin waje, sai ya nemi shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance masu digirin waje, kuma damarsa ta samun gurbin ƙwarewa ba ta kai ta mai DO ba. Digirin da babu horon ƙwarewa a bayansa ba ya ba da lasisi a Amurka.

Sai batun dawowa gida, wanda shi ya fi nauyi. Ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde ke daidaita digirin waje, ƙungiyar likitoci ta ƙasa, ONMC, ke yi wa likita rajista. Jami'in da dosiye ya faɗo hannunsa yana iya karanta DO da idon Faransa, kamar yadda ofishin nan ya yi. Don haka a rubuta musu kafin a biya ko dala ɗaya, a karɓi amsa a rubuce da hatimi. Mai dawowa ya riƙo cikakken jerin darussa da makonnin da ya yi a kowane sashen asibiti, da takardar kammala horon ƙwarewa, da lasisin jiharsa. Ɗan Chadi ya yi haka da ƙungiyar likitoci a Njamena.

A ba su aikin fassara da hatimi, sun iya. Idan suka zo kan zaɓin digiri, a tambaye su ko makarantar tana karɓar ɗan waje, da AMCAS (shafin neman gurbin MD) ake nema ko da AACOMAS (na DO), kuma ɗalibanta nawa suka samu gurbin ƙwarewa bara. In ba a ba ka amsar ukun nan a rubuce ba, kada ka sa hannu.