Bel ɗin ƙirji na Polar H10, ga masu ciwon da gwaji ba ya nunawa

Duk wanda ya sha yawon asibiti da ciwon ƙirji ko zafin ciki kamar olsa ko ciwon kai da ba ya jin magani, a ɗebi jini a yi hoto a ce masa komai lafiya lau, ya san takaicin abin. Daga nan 'yan uwa su fara cewa ko iska ce ko sammu, wasu ma su ce raki ne kawai. Ni dai likitana ne ya ce yana zargin damuwa ce take fitowa ta jiki, kuma a bakinsa na fara jin HRV, wato bambancin tazarar da ke tsakanin bugun zuciya, shi ya sa na nemi wannan bel ɗin da ke auna shi.

Ashe zuciya ba ta bugawa daidai wa daida, tsakanin bugu da bugu akwai ɗan bambanci na milisakan, misali wannan 800 na gaba 860. Abin mamaki kuma yawan bambancin shi ne alamar jiki a natse yake, jijiyar vagus mai sassauta bugun zuciya tana aikinta, in hankali ya tashi sai bambancin ya ragu, zuciya ta koma bugu ɗaya kamar agogon bango.

Polar kamfanin ƙasar Finland ne. Bel ɗin a ƙirji ake ɗaura shi ƙasan nono, yana karanta lantarkin zuciya irin yadda na'urar gwajin zuciya ta asibiti (ECG) ke yi, ba koren haske irin na agogon hannu ba. Kafin shi na taɓa sayen wani agogo mai araha a kasuwa, wallahi ko hannu ka motsa lambar ta canza, har ya fi ƙara min fargaba. Wannan kuwa ka ɗan jiƙa inda ke taɓa fata da ruwa, ka haɗa da waya ta bulutut, shikenan. Ina amfani da manhajar Elite HRV, akwai kuma Kubios, lambar da za ka riƙa dubawa sunanta RMSSD. Batirinsa CR2025 ne, wajen masu gyaran agogo ma ana samu.

Da safe nake aunawa bayan asuba, kafin shayi kafin duba WhatsApp, a zaune, 'yan mintuna. Kuma gaskiya sai an ɗauki makonni kafin abin ya yi ma'ana, don da kanka ake kwatanta ka, ba da lambar wani ba, shekaru ma suna rage ta. Abin da na lura da shi, in na kwana ina lissafin bashi ko an yi cacar baki a gida lambar takan sauka, kuma sau da yawa ranar ce cikin ke tashi. Da na nuna wa likita tare da ɗan littafin da nake rubuta yadda na kwana, hirarmu ta canza gaba ɗaya, muka bar maganar sake hoto muka koma maganar barci da abin da ke cin raina. In na yi numfashi a hankali, kamar sau 6 a minti, ina kallon lambar tana hawa a waya, wannan kam ya fi komai burge ni.

Amma fa dan Allah kar a ɗauke shi likita. Zazzaɓi, rashin barci, ƙishirwa, har wasu magungunan hawan jini duk suna taɓa lambar, ba za ta ce maka damuwa ce ko maleriya ba. Ciwon ƙirji mai zufa ko mai sauka hannu kuwa asibiti ake gudu nan take. Sannan mai yawan fargaba da zai riƙa aunawa bini-bini yana tsorata kansa, gara ya haƙura da shi. Da wannan canjin dala kuɗin ba kaɗan ba ne, don haka ka fara tambayar likitanka ko zai riƙa duba sakamakon tare da kai kafin ka saya.