Bainda ɗin nan da ake ta yabo, ni dai aladu huɗu na binne

Wata uku na yi ina zuba garin bainda ɗin nan (garin da ake haɗawa da abincin dabbobi don ya riƙe guba) a abincin aladuna, wanda aka rubuta a jikin buhu wai yana kama duk wata gubar funfuna. Duk wata guba fa suka ce. Da farko ba ni da ƙorafi gaskiya, yana haɗuwa da dusa lafiya lau, aladun ma basu ƙi ci ba.

Sai na samu wata masara da araha, wasu ƙwayoyin da ɗan fari-fari da ruwan hoda a jiki, na ce ai ina da bainda, na niƙa na haɗa. Kwana biyar da fara basu na shiga da safe na tarar da wanda ya fi kowa ci a zaune kamar kare, baki buɗe yana haki, kunnuwan sun yi shuɗi-shuɗi, kafin rana ta yi tsaka ya mutu. Cikin kwana biyu uku suka bi shi, ni kuma ina ta dirka musu allura don na ɗauka nimoniya ce.

Likitan dabbobi ya farke ɗaya a gabana, huhun ya yi suntum da ruwa, kumfa har maƙogwaro, ƙirjin ma ruwa ne kwance. Ya ce ba daga huhu abin ya faro ba, zuciya ce. Gubar sunanta fumonisin, funfunar Fusarium ke yinta a masara tun tana gona, tana hana ƙwayoyin zuciya samun kalsiyam ɗin da suke matsewa da shi, sai ɓangaren hagu ya kasa tura jini, jinin ya taru baya ruwa ya tsattsafo cikin huhu, dabba ta shaƙe a tsaye. Ya ce haka masarar 1989 ta kashe dubban aladu a Amurka.

A ranar kaina na zarga, ni na ga masarar da idona na saya, har na ce bainda ba shi da laifi. Sai da likita ya karanta bayan buhun ya ce min yumɓu ne zalla, aflatoksin, wata gubar funfuna daban, yake riƙewa da kyau, fumonisin kuwa kaɗan yake kamawa. Nan raina ya ɓaci. To me ya kawo "duk wata guba" da manyan baƙaƙe? Da ba don rubutun nan ba wallahi ko kyauta ba zan karɓi masarar ba.

Na kira wanda ya sayar min da bainda ɗin, wai "oga ƙila baka zuba daidai ba". Ni da nake aunawa a sikeli!

Sauran sun farfaɗo da na canza abinci amma girmansu ya tsaya, likita na zargin hanta ta taɓu. Rabin buhun bainda yana nan a sito, ko buɗe shi ban sake yi ba.