Ƙara batir a wutar iska: siris ko faralel, gindin fanka ko kusa da inbata

Malam tambayarka kashi biyu ce, kace fankar iskarka, wato injin da iska ke juyawa ya baka wutar lantarki, ta 24V ce, kana da batir biyu na ruwa 12V 200Ah sun kusa shekara biyu suna aiki, yanzu kana so ka ƙara wasu biyu shin ya zaka haɗa su, sannan a gindin ƙarfen fankar zaka ajiye ko cikin gida kusa da inbata.

Mu fara da haɗin. Siris shine + na wannan ya tafi − na wancan, bolt ke ƙaruwa Ah, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa, na nan yadda yake, shi kayi har ka samu 24V 200Ah ɗin da kake kai. Faralel kuma + da +, − da −, bolt baya motsi Ah ne ke ninkuwa. Batir huɗu kenan ko su baka 48V 200Ah ko 24V 400Ah, kuma wutar dake ciki duk ɗaya ce, 9,600Wh a lissafi, rabinta kawai zaka riƙa sha in kana so batirin ruwa ya daɗe maka. Inda 48V yafi shine wajen waya, kayan 1,000W suna jan kusan amfiya 42 a 24V amma a 48V kusan 21 ne, waya bata zafi asara ta ragu. Sai dai fa a wajenka 48V na nufin sabuwar inbata da sabuwar kwantirola, na'urar dake daidaita cajin batir, gashi ita kanta fankar an naɗe ta ne don 24V, in ka ɗora mata 48V sai tayi gudu kusan ninki biyu kafin ta fara caji, iska mai sauƙi duk zata wuce a banza. Don haka ni dai nace ka tsaya a 24V, sababbin biyun su zama layinsu na siris daban, sai ka haɗa layukan biyu faralel.

Abinda bazan baka shawara ba ko kaɗan shine tsoho ɗaya sabo ɗaya a layi guda, tsohon zai riga cika ya riga ƙarewa, ya riƙa tafasa ruwansa na ƙonewa shi kuma sabon bai ma ƙoshi ba. Ko a faralel ɗin ma tsofaffin suna jan sababbin ƙasa a hankali, shi yasa kafin ka haɗa ka cika su tab ka cire musu komai su huta wasu awanni sannan ka auna, lafiyayye zai nuna wajen 12.6 zuwa 12.7, in ɗaya ya zauna a 12.3 ko ƙasa to wannan ya gaji, kada ka aura masa sabo. Wayoyin layukan biyu su zama kauri ɗaya tsawo ɗaya, wayar da zata tafi inbata ka ɗauki + daga wannan layin − daga wancan, kowane layi da fiyus ɗinsa.

Amma tsaya tukuna, fankar zata iya cika su kuwa? Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Ƙara batir baya ƙara wuta, randa ce kawai ka ƙara girmanta rijiyar na nan yadda take. Batirin ruwa yana son caji na kusan kashi 10 cikin 100 na Ah ɗinsa, wato 400Ah na neman wajen amfiya 40, kusan 1,000W kenan a 24V, kuma lambar W, wato ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin fanka, yawanci sai iska ta kai mita 11 ko 12 a sakan take bada ita, in iskar ta ragu da rabi wutar bata raguwa da rabi, kashi ɗaya cikin takwas take komawa. In biyun da kake dasu ma da ƙyar suke cika, huɗun zasu zauna rabi-rabi kullum farantan dake cikinsu su daskare su mutu tare.

In kuma litiyum ya fara baka sha'awa, yana da kyau, ana shan kashi 80 nasa ko fiye, amma ba'a haɗa shi layi ɗaya da na ruwa, kuma BMS ɗinsa, wato na'urar dake tsare batirin, yana iya yanke caji in ya cika, sola ba ruwanta da wannan amma fanka in ta rasa inda zata zuba wuta gudu zata kwasa har fukafukai su iya tashi, dole a samu hita ta musamman mai shanye rarar wuta tana aiki.

Sai batun wuri. Gindin ƙarfe yana da daɗin gani don wayar fanka ta gajarta, amma ba ita ce mai ɗaukar nauyi ba, yawancin ƙananan fankoki AC suke bayarwa a waya uku, ka barta ta taho gida a juya ta DC, irin wutar da batir ke karɓa, kusa da batir. Wayar da tafi kowacce jan amfiya itace tsakanin batir da inbata, ita ake so ta zama gajera mai kauri, mita ɗaya ko biyu. Ga kuma rana, batirin ruwa yafi jin daɗi a digiri 25, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kai yana cinye kusan rabin rayuwarsa, akwatin ƙarfe a fili kuwa ai gasa shi kakeyi. To kusa da inbata yafi, amma ba ɗakin kwana ba, wuri mai inuwa da iska ke ratsawa kuma ƙofar iskar ta kasance ta sama, don lokacin caji yana fitar da haidurojin, iskar gas ce mai tashi sama kuma in ta taru ta kai kashi 4 cikin 100 tartsatsi ɗaya ya isa. Saboda haka kada ka rataye inbata ko kwantirola daidai saman batiran, a gefe zaka sa su. Ka ɗora su kan katako ko teburi mai ƙarfi saboda ruwa, da ɗan tazara a tsakaninsu, kuma duk huɗun wuri ɗaya kada wasu suna zafi wasu suna sanyi.

Ranar da zakayi aikin, ka fara taka wa fankar birki ta tsaya cak kafin ka kwance ko waya ɗaya daga jikin batir, sai ka gama ɗaure komai ka auna bolt sannan ka saketa.