VAR da Ƙalubalen Koci a NBA: Wanne Ya Fi Adalci?

Tun da aka yi amfani da VAR, wato tsarin taimaka wa alƙalin wasa da hoton bidiyo, a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, masoya ƙwallon ƙafa ke ƙorafin cewa alƙalai ne ke yanke shawarar sake duba ƙwallon da aka ci, fenareti ko jan kati, koci kuwa ba shi da ta cewa. A gasar ƙwallon kwando ta NBA, tun 2019 koci na iya neman hutu ya ƙalubalanci hukunci, kuma daga 2023 yana samun dama ta biyu idan ta farko ta yi nasara. A ganina tsarin NBA ya fi adalci, domin wanda yake ganin an cuce shi ne ke kai ƙara, sai dai ƙwallon ƙafa ba ta da irin wannan hutu.