Kafin ki fasa kuɗin adashe: kayan sauƙaƙa aiki da suka dace da ma'aikaciya a Damagaram

Ɗaukar adashe ta zagayo kaina a watan jiya, kuma tun kafin kuɗin su shigo hannuna ƙawayena na wurin aiki suka gama kashe mini su da baki. Wannan ta ce injin wanki, waccan ta ce tukunyar shinkafa mai kuran, wato wutar lantarki, wata kuma ta turo mini bidiyo a WhatsApp na wani abu mai yanka albasa shi kaɗai. Ni dai murmushi nake yi, don wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Shekara uku ke nan na sayi injin markaɗe na gida, irin wanda muke kira Moulinex ko da ba wannan kamfanin ya ƙera shi ba. Ja ne, mai sheƙi, kwalinsa da hoton lemo da ayaba. Ran Asabar na jiƙa wake zan yi ƙosai, na zuba masa, ya yi gurnani kamar minti biyu, sai ƙaurin roba ya cika madafa. Da na mayar wa mai shagon, ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, ai kayan kuran sai dai addu'a." Kofin injin yanzu cokula nake zubawa ciki. Tun ranar ba na sayen wani abu sai na san ƙarfin kuran da yake ja, da ruwan da yake sha, da kuma wanda zai gyara shi a cikin garin nan in ya tsaya. Abin da ya yi wa mace kyau a Dubai ba dole ne ya yi wa ta unguwar Garin Malam ko Karkada ba.

In kuɗin abu ɗaya kawai gare ki, ki fara da gas. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 a nan arewa da gari, gas ya zama abin gida, kuma macen da za ta fita da sassafe ba ta da lokacin hura icce. Zaɓin yana tsakanin ƙaramar tukunya mai kilo 6, wadda ake ɗaura wa murhu a ka, da babba mai kilo 12,5 wadda ake haɗawa da risho mai kai biyu ko uku. Ƙaramar ta fi araha, ana ɗaukar ta a kabu-kabu ba wahala, amma abu ɗaya take dafawa a lokaci guda, kuma in kika ɗora mata tukunyar tuwo kika fara tuƙi sai ta riƙa rawa. Maganin wannan yana wurin masu walda: su ƙera miki mazaunin ƙarfe mai ƙafa uku da zai kewaye ta, nauyin tukunya ya sauka kansa. Babbar kuwa tana ba ki damar ɗora miya da ruwan shayi tare, wanda a safiyar Litinin ba ƙaramin abu ba ne. Ni shawarata, mai iyali ta sayi babba, sannan ta nemi ƙarama ta ajiye a cike, saboda gas ba ya ƙarewa sai shinkafa ta rabi nuna.

Wurin da bai kamata a yi rowa ba shi ne tiyo da kan da ke daidaita fitar gas. Tiyo mai kyau yana da shekarar da zai daina aiki rubuce a jikinsa, ki duba. Bayan an haɗa, ki shafa kumfar sabulu a mahaɗar. In ta yi ƙwai-ƙwai, yana yoyo. Kada a gwada da ashana, don Allah. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ba a ajiye tukunyarsa a ɗakin da ba taga.

Abu na biyu, wanda nake ganin ya fi kowane injin kuran amfani gare mu, shi ne kokot, tukunyar nan mai kulle murfi da shewa. Ruwa a tukunyar yau da kullum yana tafasa ne a digiri 100, ba ya wuce nan komai wutar da kika zuga. A cikin kokot tururi ba ya samun hanyar fita, zafin ya kai wajen 120, sai abin da zai ci awa biyu ya nuna cikin minti arba'in ko ƙasa. Wake, ganda, ƙafar sa, kayan ciki, tsohon zakaran da surukarki ta aiko daga ƙauye, duk tana ladabtar da su, gas ɗinki kuma ya daɗe. Akwai ta alminiyam, mara nauyi mai araha, akwai ta ƙarfe mara tsatsa wadda ta fi tsada amma miyar tumatir ba ta cin cikinta. In aljihu ya yarda, ta biyun za ki ɗauka. Mai lita 6 ta ishi ƙaramin gida, gidan da ake mutum takwas zuwa sama sai mai lita 10.

Kafin ki biya, ki tambayi mai shago ko yana sayar da robar murfinta. In ya ce babu, ki ajiye masa abinsa, domin robar nan ita ce ran tukunyar, kuma zafin garinmu yana busar da ita. Mata da yawa tsoron kokot suke, wai fashewa take yi. Yawanci cika ta ake yi har wuya, ko a buɗe tun tururi bai gama fita ba. Kada ta wuce kashi biyu cikin uku, in wake ne rabi kawai saboda kumfarsa na toshe ƙofar tururi. Ki ɗaga murfin sama ki hangi haske ta cikin ƴar ƙofar kafin kowace ɗorawa. Kunu da tuwo kuwa ba aikinta ba ne.

Kula ba ta buƙatar dogon bayani, kowa ya san ta. Abin lura dai shi ne mai cikin ƙarfe ta fi mai cikin roba riƙe zafi, kuma ba ta riƙe warin daddawa. Ki ɗauraye ta da ruwan zafi kafin ki zuba abincin yara na rana, ki zuba shi yana tururi. Abincin da ya yini da ɗumi-ɗumi a watan Afrilu, shi ne ke kai mutane asibiti.

Sai babbar muhawara: firigo ko kwanjalatar, wato injin daskarar da abinci? Na ga an yi musu kan wannan a ɗakin malamai har aka kaɗa ƙararrawa ba a gama ba. Firigo mai tsaye ya fi kyau a falo, ya fi sauƙin ɗauko abu, amma da kuran ya ɗauke, cikin kamar awa huɗu sanyinsa ya tafi, kuma duk buɗewa sanyin zubowa yake ƙasa. Kwanjalatar mai murfi a sama, in tana cike kuma ba a buɗe ta, tana iya riƙe ƙanƙara kwana ɗaya zuwa biyu. Duk wadda ta zauna garin nan a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, ta san bambancin nan ba a littafi ta karanta shi ba. Ga ma'aikaciya, kwanjalatar ce ke sayo lokaci: ran hutu ki kai tumatir da tattasai da albasa injin unguwa, ki tafasa markaɗen ya tsane, ki ƙulla shi leda-leda daidai miyar kwana ɗaya. Nama ma haka. In azumi ya zo kuma, ƙanƙara da lamurje da zoɓo su taimaka wajen biyan takardar kuran.

Akwai wani harafi da kusan ba mai dubawa. A ƴar takardar da ke manne a baya ko cikin firigo za ki ga SN, N, ST ko T. Mai N an ƙera shi don wurin da zafi ba ya wuce digiri 32, ST har 38, T kuwa har 43. Mu da bazara ke haura 40, T muke nema. Nan ne na hannu da ake kawowa daga Turai ke yaudarar mutane: jikinsa garau, kuɗinsa da sauƙi, amma injinsa ba ya hutawa a zafinmu, ya sha kuran, ya gaji da wuri. Ko wanne kika saya, ki haɗa da regilatar, wato na'urar daidaita ƙarfin kuran, mai jinkirta kunnawa, domin dawowar kuran da ƙarfi ko da rauni ita ke kashe inji. Ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango.

Wadda ba ta kai ga wannan ba tukuna, kada ta raina yumɓu. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da ɗanyen tsumma, a sa a inuwa mai iska. Ruwan da ke bushewa shi ke janye zafi, don haka ta fi aiki da rani. Tumatir da yalo da ganye suna ƙara kwanaki a ciki, ban da nama da madara. Tukwane kuwa ga Mirriya nan kusa, ba sai an yi oda ba.

Injin wanki shi ne burin kowa, ni ma har da ni. Mai wanke kansa da kansa yana son famfo mai ƙarfi da kuran da ba zai yanke a tsakiya ba. A unguwar da ruwa ke zuwa tsakar dare, ko sai an kira mai ga-ruwa, wannan ado ne kawai. Mai rami biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, shi ya san halinmu: da bokiti ake zuba masa, ruwan da ya wanke fararen kaya ya wanke masu launi, na ɗauraya ya tafi bayi ko shuka, in kuran ya ɗauke ki tsame kayanki ki ƙarasa da hannu. Masu gyaransa ma sun fi yawa.

Dutsen guga, butar kuran da tukunyar shinkafa duk dangin masu zafi ne, kuma su ne masu cin kuran. Buta kaɗai tana jan wat 1500 zuwa 2000, alhali kontar gida, wato mitar kuran, mai amfiya 5 a kan bolt 220 wat 1100 kawai take ɗauka. Ki duba taki kafin ki saya, kada ki riƙa jefa gida cikin duhu. Ƙaramin pano na rana da batir zai riƙe miki fitila da fanka da cajin salula, amma ba guga ba. Kayan da suka biyo ta Kano galibi filoginsu mai ƙafa uku ne masu kusurwa, namu ramuka masu zagaye, sai da mahaɗi mai kauri. Tsarabar Amurka kuwa ta bolt 110 ce, kina sawa za ta ƙone. Injin markaɗe in za ki saya, ki nemi mai wat 500 zuwa sama, ki bar shi ga kayan miya. Wake da gero na injin unguwa ne.

Ran Alhamis na shiga Kasuwar Dole da ƙanena. Na nuna wata kwanjalatar, na ce, "Alhaji, a kunna mini ita." Ya ce, "Malama, sabuwa ce fil a kwali." Na ce na yarda, a kunna dai. Muka zauna kan benci kusan rabin awa, har ya aika aka sayo mana ruwa, sannan na sa hannu na ji bangon ciki ya fara kama sanyi. Na juya bayanta na ga T, na sa ya rubuta watannin garanti a takarda da hatimin shago. Canjin da ya rage na sayi regilatar da robar kokot guda biyu. Injin wanki sai zagayen adashe na gaba, kuma a wannan karon sunana ne na tara.