Gwajin maƙoƙo: aikinsu ya yi, bayani ne babu

Wata shida ina fama da kasala da jin sanyi har a zafin Afrilu, gashi na bin mataji, ciki kullum a ɗaure. Hajiyarmu ta ce shawara ce, maƙwabciyata ta rantse sanyi ne. Da likita ya dafa wuyana ya ce in haɗiyi yawu, sai ya rubuta min gwajin jini biyu, TSH da T4, ya tura ni wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a nan Kano.

A aiki dai ba ni da ta cewa. Matar da ta ɗebi jinin a gabana ta ɓare sirinji, suka ɗaya ta samu jijiya. Har ta tambaye ni ko ina shan ƙwayoyin gyaran gashi masu biyotin, don suna rikita sakamakon. Kuɗin ya ciji aljihu, amma washegari takarda ta iso ta WhatsApp.

Takardar ce ta hana ni barci. TSH 11.2 da jan rubutu, a gefe an sa ƙa'ida 0.4 zuwa 4.0. Na ce shi ke nan, abin da ke wuyana aiki ya yi masa yawa. Na kira su, saurayin da ya ɗauka ya ce, "Hajiya, mu gwaji kawai muke yi, ki kai wa likitanki." Gaskiyarsa ce, amma saura kwana huɗu ranar asibitina, kuma kwana huɗu da zullumi ba wasa ba ne.

Ashe a baibai na karanta. TSH ba daga wuya yake fitowa ba. Wata 'yar halitta ce kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fitutari, take sakinsa don ta zaburar da tayirod ɗin da ke gaban wuya. In tayirod ta yi lalaci sai fitutari ta ƙara ɗaga murya, kamar uwa mai tashin yaro sallar asuba. Hawan lambar, ƙarancin aiki yake nufi. Likitoci na kiran wannan haifotayirod, yawan aiki kuma haifatayirod. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, ni da na fara ji ma na ɗauka zancen haihuwa ake. Maƙoƙo da muka sani kuwa kumburin ne kawai, yana iya zuwa da kowannensu. Layi biyu da Hausa a ƙasan takardar da sun ishe ni.

Yanzu ina kan lebotayiroksin, maganin ƙarancin aikin tayirod, ina shan sa da ruwa zalla, aƙalla minti 30 kafin karin kumallo, ƙwayar ƙarin jini kuma sai bayan awa 4. Da sati 6 ya cika wurinsu na koma, don likita ya ce kada in riƙa sauya ɗakin gwaji. Sai dai wannan karon na ce kada a turo min komai a waya. Na karɓi takardar a ambulan, ban buɗe ba sai a teburin likita.